Ƙungiyar Iyayen Yara Masu Larurar Ƙwaƙwalwa: Me Za Ta Iya, Me Ya Fi Ƙarfinta?

Ƙungiyar iyayen yara masu larurar ƙwaƙwalwa zama ne da iyaye ko masu riƙon irin waɗannan yara suke yi a kai a kai, su faɗi abin da ke damunsu, su koya wa juna dabarun kula da yaro, wani lokaci kuma su haɗa kuɗin magani ko na motar zuwa asibiti. Ba asibiti ba ce, kuma galibi babu likita a cikinta. Abin da ya tara mutanenta shi ne kowa yana da irin wannan yaro a gida. Yaran kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai galahanga (autism) da ya kai shekara biyar bai buɗe baki ba, akwai wanda ƙiriniyarsa ta wuce misali har ba ya iya zama a aji, akwai budurwar da damuwa ta hana ta ci da barci, akwai yaron da aka kashe mutane a gabansa ya koma firgita cikin dare, akwai saurayin da ƙwaya ta juya masa tunani. Farfaɗiya cuta ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba taɓin hankali ba, amma a arewacin Najeriya sau da yawa asibiti ɗaya ake kai masu ita, ƙyama iri ɗaya kuma ake nuna musu, shi ya sa iyayensu kan shiga wannan lissafi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. A ƙasar Hausa akwai ƙarin abubuwan da ke raunata ƙwaƙwalwar yaro tun yana ƙarami: doguwar naƙuda da ke hana jariri samun iska, shawarar jarirai da ba a kula da ita da wuri ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da tamowa. Gubar dalma da ta ɓulla a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400, ta bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Ga kuma rashin tsaro. An dawo da ɗaliban da aka sace a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, amma abin da idonsu ya gani a daji bai tsaya can ba, ballantana dubban yaran sansanonin gudun hijira na Borno da ba a taɓa tambayar halin da zukatansu ke ciki ba.

Masu duba irin waɗannan yara ƙalilan ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga jama'a fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuma 'yan tsiraru ne a cikinsu. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa da ƙasar Hausa ta dogara da su su ne na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano da na Maiduguri, sai sassan da ke asibitocin koyarwa. Ga matar ƙauye, ganin likita na nufin tafiyar yini da kuɗin motar mutum biyu. A nan muhawara ta taso a kan ƙungiyar iyaye. Wasu ma'aikatan lafiya da masu aikin jin ƙai suna ganin haɗa iyaye wuri ɗaya shi ne taimako mafi arha kuma mafi kusa da za a iya samarwa yanzu. Wasu kuma suna ganin hanya ce ta yaɗa maganin da ba shi da tushe, ta tona asirin gidaje, ta kuma sauke wa gwamnati nauyin da ke wuyanta.

Masu goyon baya kan fara da tarihi. A tsakiyar ƙarni na 20 wasu masana a Amurka, wanda ya fi fice a cikinsu shi ne Bruno Bettelheim, suna koyar da cewa rashin nuna ƙauna daga uwa ne ke jawo galahanga. Iyaye ne suka ƙi yarda. A 1962 wasu iyaye a Landan suka kafa ƙungiyar da ta zama National Autistic Society, cikinsu har da Lorna Wing, likitar ƙwaƙwalwa wadda 'yarta ke da larurar. A 1964 Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam kuma uban irin wannan yaro, ya wallafa littafin da ya kafa hujja cewa larurar daga halittar ƙwaƙwalwa take, ba daga tarbiyyar uwa ba. Ƙungiyar NAMI ta Amurka ma, wadda aka kafa a birnin Madison a 1979, ta samo asali ne daga iyaye mata da suka gaji da a ɗora musu laifin ciwon 'ya'yansu. Makarantu na musamman da dokokin kare haƙƙi da suka biyo baya, da yawa matsin iyaye ne ya haifar da su.

Zargin uwa ba baƙon abu ba ne a nan, kalmomin ne kawai suka bambanta. Ana cewa ta fita da tsakar rana tana da ciki, ko ta watsa ruwan zafi ba ta yi bismilla ba, ko an musanya mata yaron da ɗan ruwa, ko abin a danginsu yake, ko kishiya ce ta yi sammu. Abin da ke biyo baya sananne ne. Idan baƙi suka yi sallama sai a shigar da yaron ɗaki a ja ƙofa. Uwa ta daina zuwa biki da suna, don ba ta da wanda za ta bar wa shi, idan ta tafi da shi kuma ido ya yi mata yawa. Wannan rashin fita ba ƙaramar asara ba ce, domin ta biki da zumunci mace take gina jama'ar da za ta tsaya mata ranar buƙata. Wadda ta daina zuwa na mutane, sannu a hankali a daina zuwa nata. Ta haka matar da ta fi kowa buƙatar jama'a take wayar gari ba ta da su, wani lokaci har da takardar saki a kai.

Wanda ya taɓa zama a bencin jiran likita ranar asibitin yara ya ga tushen abin da ake kira ƙungiya tun kafin a sa mata suna. Yaro ɗan shekara bakwai ya toshe kunnuwa ya fara ihu yana buga kai da bango, uwarsa ta ɗaga hannu za ta make shi don kunyar idon mutane. Wata dattijuwa a gefenta ta riƙe hannun ta ce, “Maman yaro, kar ki dake shi, hayaniyar nan ce ta yi masa yawa. Fita da shi bayan ginin nan ya huce, kawo katinki in riƙe miki layi.” A kasuwa da an taru ana kallo, wani ma ya ce rashin tarbiyya ne. A bencin babu mai kallo, domin kowa ya ga irinsa a ɗakinsa. Masu goyon baya suna cewa wannan sauƙin da uwa ke samu idan ta gane ba ita kaɗai ba ce, kuma ba laifinta ba ne, babu ƙwayar da ke ba da shi, kuma uwar da hankalinta ya kwanta ta fi iya haƙuri da yaro.

Hujja ta biyu ita ce ilimin yau da gobe. Likitan da mutum hamsin ke jiransa ba shi da lokacin da zai bayyana yadda ake koya wa yaro mai shekara takwas zuwa bayan gida, ko yadda ake yi wa wanda ba ya son a taɓa kansa aski, ko yadda ake shawo kan wanda ya ƙi cin komai sai abinci iri ɗaya. Iyaye sun san waɗannan, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suka san malamin Islamiyyar da zai karɓi yaron ba tare da bulala ba, da kantin da ke sayar da magani na gaske, da dabarar ɗinke lambar waya a cikin rigar yaron da ke yawan ɓacewa. A kan farfaɗiya, abin da uwa za ta ji daga bakin 'yar'uwarta yana iya ceton rai: a kwantar da yaro a gefensa, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa wani abu yana cikin faɗuwa, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rayuwa ba faɗuwa idan suka sami magani daidai. Matsalar ita ce ɗorewa a kansa, domin iyaye kan daina bayarwa da zarar faɗuwar ta lafa ko kuɗi ya ƙare. Wanda zai tambayi uwa duk mako ko maganin yana nan yana yin aikin da asibiti ba zai iya ba.

Sai kuɗi. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa, larurar ƙwaƙwalwa kuma ta shekaru ce. Adashi tsohuwar dabara ce da mata suka sani, ba sai an koya musu ba. A arewacin Ghana ƙungiyar BasicNeeds, wadda ke aiki daga Tamale tun farkon shekarun 2000, ta gina aikinta a kan ƙungiyoyin taimakon kai na majinyata da masu jinyarsu, inda ake haɗa zaman tattaunawa da ƙananan rance da jarin sana'a.

Masu wannan ra'ayi suna kuma nuni da cewa sa jama'a cikin jinyar ƙwaƙwalwa abu ne da Najeriya ta riga ƙasashe da yawa gwadawa. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara saukar da majinyata a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abekuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi, suna zuwa asibiti da rana suna kwana cikin mutane. A fannin cuta mai karya garkuwar jiki, tsarin da uwa mai ɗauke da ita ke jagorantar sabuwar mai ciki, wanda ƙungiyar mothers2mothers ta fara a Kef Tawun a 2001, ya bazu a Afirka. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari masu damuwa, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sun sami sauƙi fiye da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce mafi nauyi. Iyayen da aka bari su kaɗai ba asibiti suke ƙarewa ba, sau da yawa gidan mari suke ƙarewa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da maza da yara fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawa da mari a ƙafa, a makonnin da suka biyo baya kuma aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. A ƙarshen shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu larurar ƙwaƙwalwa a sassan ƙasar. Mafi yawan waɗanda aka samu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biya. Ba duka mugaye ba ne. Mutane ne da ƙarfinsu ya ƙare, ba su kuma san wata ƙofa ba.

Masu adawa ba su musa ko ɗaya daga cikin wannan wahala ba. Abin da suke cewa shi ne amanar da ke sa shawarar uwa ta shiga kunnen uwa, ita ce kuma ke sa ƙarya ta shiga. A 1998 likita Andrew Wakefield ya wallafa bincike a kan yara 12 a mujallar Lancet yana alaƙanta allurar rigakafin ƙyanda da galahanga. An gano aikin na ha'inci ne, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa, amma wasu ƙungiyoyin iyaye suna cikin waɗanda suka fi yayata shi, har yau ana fama da ragowarsa. A rukunonin Facebook an sami iyayen da suka riƙa ba 'ya'yansu wani ruwa mai sinadarin bilic da sunan maganin galahanga, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sake gargaɗi a kansa a 2019. Arewa ta san illar jita-jita: dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa 2004 ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan 20. Rukunin WhatsApp na iyayen da ke neman mafita ido rufe kasuwa ce ga mai tallan “maganin galahanga sadidan”, alhali larurar ba ta da maganin da ke kawar da ita, sai horo da kulawa da ke inganta rayuwar yaro.

Haɗarin ba sai da mayaudari ba. Kyakkyawar niyya ma tana jawo shi. Uwa ta ce, “Nawa ma haka yake yi, ga abin da aka rubuta masa, gwada masa.” Amma yara uku da ba sa magana suna iya kasancewa ɗaya kurma ne, ɗaya mai galahanga, ɗaya kuma shawara ce ta taɓa masa ƙwaƙwalwa, kowa da kulawarsa daban. Magungunan farfaɗiya ana auna su da nauyin yaro da irin faɗuwarsa, wani daga cikinsu yana illa ga ɗan tayi idan budurwar ta yi aure ta sami ciki, tsayar da su farat ɗaya kuma yana iya jawo faɗuwar da ba ta tsayawa. Akwai masu sayen maganin barci a kemis don su kwantar da yaro mai ƙiriniya. Matashin da ya fara maganar kashe kansa kuwa, ba lallashin maƙwabta yake buƙata ba, ma'aikacin lafiya yake buƙata a ranar.

Hujja ta uku ta shafi sirri, kuma duk wanda ya san binciken aure a ƙasar Hausa ba zai raina ta ba. Dangin mai nema kan tambaya ko akwai hauka ko farfaɗiya a gidan. Maganar da uwa ta faɗa cikin hawaye a zaman mata goma sha biyu tana iya fitowa bayan shekara biyar ta ɓata auren yayar yaron. Yarinyar da ta yi fama da damuwa tana shekara 15 ta warke, ba a tambaye ta ba kafin a ba da labarinta, kuma a unguwar za ta yi aure. Abin ya fi muni inda ake ɗaukar hotunan yaran ana sakawa a intanet don neman taimako, domin hoton ba ya gogewa.

Suna ƙara da cewa nauyin duka a kan mata yake sauka. Matar da ba ta yi barcin kirki ba, ita ce za a ce ta zo taro, ta yi zubi, ta ziyarci wata. A lokaci guda gwamnati ta sami abin nunawa ba tare da ta kashe kuɗi ba. A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, gwamnatin tarayyar Najeriya kuma ba ta kusanci wannan adadi ba. Idan aka saba cewa iyaye suna taimakon junansu, in ji masu adawa, wa zai matsa a ɗauki likitoci, a horar da malaman makaranta, a wadata magani?

Har hujjar bincike ma ba su bar wa ɗaya ɓangaren ba. Tsofaffin matan Zimbabuwe manya suke saurara, ba yara ba, kuma an horar da su ana sa musu ido. A Pakistan wani shiri na taimakon mata masu damuwa lokacin goyon ciki ya yi nasara ƙwarai a gwajin 2008, sa'ad da ma'aikatan lafiya mata suka gudanar da shi. Da aka miƙa shi hannun matan gari a Pakistan da Indiya, sakamakon da aka wallafa a 2019 bai kai na farko ƙarfi ba. Amfanin da aka fi gani a zaman iyaye yana ga zuciyar iyayen ne, ba lallai ya canza larurar yaron ba. Wata uwa ma takan fito daga zaman da baƙin cikin da ya fi na da, don ta ga ɗan wata ya fara magana nata bai fara ba.

Idan aka ɗora hujjojin a ma'auni, ba duka suke da nauyi ɗaya ba. Ta ƙarya da musayar magani gaskiya ce, amma ta ɗauka cewa uwar da ba ta cikin ƙungiya tana zaune ne ba mai ba ta shawara. Ba haka abin yake ba. Suruka tana ba ta, maƙwabciya tana ba ta, mai magani da lasifika a mota yana ba ta, kuma babu ɗayansu da ke da wanda zai gyara masa kuskure. Ƙungiya ba ita ta kawo jita-jita gidan ba. Ita ce ma wuri ɗaya da za a iya tare ta, da sharaɗin akwai wanda ya sani a kusa. Saboda haka bambancin da ya fi muhimmanci yana tsakanin ƙungiyar da ke jingine da asibiti da wadda ke yawo ita kaɗai. Ba sai likita ba. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an tsara shi ne don nas da ma'aikacin lafiya na matakin farko su iya gane larurorin da aka fi gani, su san wanda za su tura gaba. Hukumar tana kuma da shirin horar da iyayen yara masu jinkirin girma, mai zama tara a rukuni da ziyarar gida uku, wanda aka gwada a ƙasashe irin su Habasha da Kenya. Ƙungiyar da irin wannan ma'aikaci ke halarta ko da sau ɗaya a wata, wadda ta kafa dokar cewa ba a ba wa wani maganin wani kuma ba a talla, ta kauce wa mafi yawan abin da ake tsoro.

Hujjar sauke wa gwamnati nauyi tana da rauni ta fuskar tarihi, domin inda aka sami ci gaba, iyayen da suka haɗa kai ne suka tilasta shi. Uwa ɗaya da aka kori ɗanta daga makaranta kuka kawai za ta yi. Iyaye arba'in suna iya zuwa ofishin sakataren ilimi da dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya da asusun tallafi, kuma irin wannan tanadi ba ya tashi daga takarda sai da masu bibiya. Sai dai gargaɗin masu adawa yana nan daram ga ƙungiyar da ta tsaya a jaje da zubi, ba ta taɓa neman komai daga hukuma ba.

Hujjar sirri ce ba a iya kawar da ita gaba ɗaya. Ana iya rage haɗarin: a yi zaman a asibiti ranar ganin likita maimakon cikin unguwa, a taƙaita yawan mutane, a hana ɗaukar hoto, a tambayi yaron da ya yi wayo kafin a yi maganarsa. Duk da haka baki ba shi da makulli. Gidan da ya duba halinsa ya ga shiga taro zai jawo wa 'ya'yansa mata matsala, bai yi wauta ba idan ya ƙi. Ga irinsa ya fi dacewa ma'aikacin lafiya ya haɗa uwar da mace ɗaya mai irin larurarta daga wata unguwa, su riƙa waya.

Akwai abubuwa biyu da ɓangarorin kan tsallake, alhali su ke yanke ko ƙungiya za ta rayu a ƙasar Hausa. Na farko shi ne uba. A hannunsa kuɗin magani da izinin fita suke, shi kuma ke yanke shawarar a kai yaro asibiti ko wajen mai magani. Ƙungiyar mata zalla tana iya ilimantar da uwa ta koma gida ta tarar da maigida ya riga ya yanke hukunci. Maza ba su cika zama su faɗi damuwarsu a taro ba, amma suna jin maganar liman da ta abokin majalisa, kuma uba ɗaya da ya fito da ɗansa mai galahanga zuwa masallaci yana riƙe da hannunsa ya isar da saƙon da wa'azi bai isar ba. Na biyu shi ne addini. Ƙungiyar da ta buɗe baki da cewa babu aljani babu sammu za ta watse a zaman farko. Kusan kowane gida yana haɗa addu'a da tofi da asibiti, kuma babu dalilin yaƙi da hakan. Iyakar da ya kamata a ja a fili ita ce duka, ɗauri, turara hayaƙi mai shaƙe yaro, da cewa a ajiye maganin likita. Malamai suna da abin faɗa a nan, tunda shari'a ta ɗauke hukunci daga wanda hankalinsa ya gushe, ta kuma wajabta kula da shi. Makarantun Islamiyya na matan aure, da zumuntar mata a coci-coci, wurare ne da mata ke da izinin zuwa tun asali, don haka sun fi sabon ofishi sauƙin zama mazaunin irin wannan taro.

Damuwar da iyaye suka fi maimaitawa idan zama ya yi nisa ita ce wa zai riƙe yaron bayan ransu. Yaro mai raunin ƙwaƙwalwa mai tsanani zai zama babba, iyayensa kuma za su tsufa, ga shi babu gidajen kulawa na gwamnati da za a dogara da su. Ƙungiya ba ta da ikon warware wannan, amma tana iya sa a fara shiri da wuri: a koya wa yaro wanka da sa tufafi da sana'ar da ƙarfinsa zai ɗauka, kamar kiwo ko taya tsaron shago, a jawo 'yan'uwansa cikin kulawar tun suna ƙanana ba tare da an hana su karatu ba, uba kuma ya naɗa wasiyyin da zai kula da rabon gadonsa kamar yadda fiƙihu ya ba shi dama. Jihohi irin su Sakkwato, Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma ƙungiyar da ke da rajista da jerin sunayen mambobinta ta fi uba ɗaya damar shigar da irin waɗannan yara cikin waɗanda za a riƙa tallafa wa duk shekara.